Yadda ake dafa-dukan taliya da naman shanu a tukunya ɗaya

Dafa-dukan taliya girki ne da kowa ke ganin ya iya, sai ranar da aka buɗe tukunya aka tarar taliyar ta caɓe ta koma kamar tuwo, naman kuma yana nan da taurinsa sai an ja da haƙori. Na ci irin wannan a gidajen mutane, ni ma na dafa irinta a farkon aurena, kuma kullum dalilin ɗaya ne. An haɗa abu biyu da ba sa nuna lokaci ɗaya. Naman shanu yana son awa guda ko fiye a kan wuta, taliyar leda kuwa minti 10 zuwa 12 ya ishe ta. Duk wadda ta riƙe wannan, ta kuma iya auna ruwa, ta gama da wahalar girkin.

Yadda nake yi, ba a tafasa taliya daban a tsiyaye ruwanta a zubar. A cikin romon naman take nuna, ta shanye shi har cikinta, garin da take saki kuma shi yake ɗaure romon ya manne mata. Abin da zan lissafa ya ishi mutum 5 zuwa 6 cin dare.

Kayan aiki

Tukunya ita ce kan gaba. Ki nemi mai faɗi, mai kaurin gindi, wadda murfinta ke zama daidai. Tukunyar dalma irin wadda maƙera ke zubawa ta fi min kowace, saboda tana riƙe zafi kuma ba ta saurin kamawa. Siririyar tukunya mai falan gindi za ta ƙona miki jajjage tun nama bai yi laushi ba. Doguwa mai ƙaramin baki kuma taliya ce za ta taru a ƙasa ta dunƙule.

Sai ƙaramar muciya ko cokalin katako, da cokali mai yatsu babba na warware taliya, da wuƙa mai kaifi da katakon yanka. Turmi ko gireta ko blanda, duk wanda kike da shi. Kwano guda na ajiye nama. Butar shayi ko filas da ruwan zafi a ciki, wannan kada ki manta da shi, za ki ga amfaninsa a ƙarshe. Idan ba ki da kofin awo, ledar fiyawata rabin lita ce, da ita nake lissafi.

Kayan haɗi

Taliyar leda 1, mai giram 500
Naman shanu kamar giram 700, rabin kilo ma ya yi, da ƙashi mai ɓargo guda ko biyu
Man gyaɗa rabin gwangwanin madara
Albasa manya 2
Tumatir madaidaita 5
Jan tattasai 4
Attaruhu 3, ko yadda gidanki ke cin yaji
Tumatirin leda ƙarami 1
Tafarnuwa sala 5
Ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa
Kanumfari ƙwaya 3 da masoro rabin ƙaramin cokali
Kori ƙaramin cokali 1
Daddawa ƙarama 1
Magi 4 da gishiri
Karas 2, kwatan kabeji, koren tattasai 1, lawashi kaɗan
Ruwa lita 1 da rabi, wato leda 3, ban da na zafin da kika ajiye a gefe

Maganar nama

A nan zan ɗan tsaya, don a teburin mahauci ake fara gyara girkin nan ko a ɓata shi. Masu koyo sun fi son tsoka zalla, jan naman cinya da babu kitse babu jijiya, saboda ya fi kyau a ido. Wannan naman ya dace da suya da tsire, amma idan ya daɗe a ruwa bushewa yake, ya zama kamar zare a baki, romonsa kuma salam. Na dafuwa shi ne na wuya, ko ƙirji, ko haƙarƙari, ko na ƙwauri mai jijiya. Jijiyar nan da kike ƙyama ita ce take narkewa a hankali ta ba romo danƙo da nauyi. Idan kin samu ɗan tozo ki sa a haɗa miki yanka biyu ko uku, kada ya wuce haka, don maiƙonsa yana da yawa. Ki ce wa mahauci, “Malam, na dafuwa nake so, ka haɗa min da ƙashi mai ɓargo.” Ya san abin da zai ba ki.

Ki kuma duba launin naman. Wanda ya yi ja mai duhu sosai, zarensa manya, yawanci na tsohuwar dabba ne, zai ci wuta. Ba laifi ba ne, ya ma fi ɗanɗano, sai dai ki san za ki ƙara masa lokaci.

1. Gyaran nama

Ki wanke naman, ki zuba a kwando ya tsane sosai, ki kuma matse shi da hannu ko ki goge da tsumma mai tsabta. Jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, ruwa yake kawowa ya tafasa a cikinsa. Idan daga firiza kika ciro shi, ki bari ƙanƙarar ta sake gaba ɗaya kafin ki taɓa wuta.

Ki yanka shi ƙanana, kamar girman goro madaidaici. Dafa-duka ba miya ba ce da ake sa manyan tsoka, ana so duk lomar da mutum ya ɗiba ya ci karo da nama. Ki lura da yadda zaren naman ya kwanta, ki gitta shi da wuƙa, kada ki bi shi a tsaye. Yankan da ya gitta zare ya fi saurin laushi. Ki barbaɗa gishiri rabin ƙaramin cokali da masoro, ki cakuɗa, ki ajiye ki koma kan kayan miya.

2. Jajjage

Albasa ɗaya ki yayyanka ta sirara. Ɗayar ki haɗa da tumatir da tattasai da attaruhu ki jajjaga. Ki cire 'ya'yan tattasan tukuna, suna kawo ɗaci. Jajjage nake so, wanda ake ganin ɓarɓashinsa, domin markaɗe mai laushi irin na inji ruwa ne ya yi masa yawa, yana daɗewa bai soyu ba. Idan blanda za ki yi amfani da ita, ki riƙa kunnawa kina kashewa, kada ki ƙara ruwa.

Tafarnuwa da citta da kanumfari da daddawa ki daka su tare a turmi, ki ajiye daban. Karas ki kankare ki yanka ƙanana. Kabeji da koren tattasai da lawashi ki yanka ki rufe, sai can ƙarshe za a neme su.

3. Suyar nama

Ki ɗora tukunya a wuta mai ƙarfi, ki zuba mai, ki bari ya yi zafi har ki ga yana ɗan sheƙi yana gudu a gindin tukunya. Ki raba naman kashi biyu. Ki jera kashin farko ta yadda kowane yanka zai taɓa gindin tukunya, sannan ki ɗauke hannunki. Kada ki juya sai ya yi minti 3 ko 4, ƙasansa ya yi ja mai duhu ya saki tukunya da kansa. Ki juya ɗaya gefen ya samu, ki kwashe a kwano, ki soya kashi na biyu tare da ƙashin.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a juye naman duka lokaci ɗaya a yi ta motsawa. Tukunya sai ta huce, naman ya fitar da ruwa, ya yi fari-fari. Idan hakan ya faru da ke kada ki damu, ki bar murfi a buɗe ruwan ya ƙone, zai dawo ya soyu, lokaci kawai kika yi asara.

Ba ana so naman ya nuna a wannan matakin ba. Launi ake nema. Za ki ga wani abu ja-ja ya manne a gindin tukunya. Kada ki wanke shi, kada ki kankare ki zubar, rabin daɗin girkin yana wurin. In dai bai yi baƙi ba, alheri ne.

4. Suyar kayan miya

Ki rage wuta zuwa matsakaiciya. A cikin man da ya rage ki zuba yankakkiyar albasa, ki riƙa juyawa. Ruwan albasar zai ɗago abin da ya manne a ƙasa. Idan ta yi laushi ta fara ja, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da 'yan uwanta ki juya kamar minti 1. Tafarnuwa tana saurin ƙonewa, kuma ɗacinta ba ya fita.

Ki matse tumatirin leda a ciki ki soya shi shi kaɗai minti 2 zuwa 3, har launinsa ya sauya daga ja mai haske zuwa ja mai duhu. Wannan suyar ce ke kashe tsamin nan nasa mai kama da ƙarfe. Sannan ki juye jajjage, ki sa kori da magi 2.

Yanzu sai haƙuri. Jajjagen zai ɗauki minti 12 zuwa 15. Ki riƙa juyawa daga ƙasa lokaci-lokaci. Alamar ya soyu guda uku ce: ruwan ya ƙafe, mai ya taso ya kewaye shi ta gefe, idan kika ɗanɗana kuma babu tsamin ɗanyen tumatir. Wasu suna jefa 'yar kanwa don su gajarta wannan aikin. Tana kashe tsami, gaskiya ne, amma tana dusashe launi, kuma idan hannu ya zarce taliyar ce za ta yi santsi ta lalace. Idan dole sai kin sa, ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa rabin ƙaramin cokali ya isa. Ni dai na fi son in ba shi lokacinsa.

5. Tsayar da sanwa

Ki mayar da naman da ƙashin cikin tukunya, har da ruwan da ya tsatso a kwanon. Ki juya su cikin soyayyen jajjagen minti 1 ko 2, sannan ki zuba ruwa leda 3. Ki ƙara wuta ya tafasa, ki kwashe kumfar da ta taso in akwai, sannan ki rage wutar sosai ki rufe. Ana so ya riƙa ɓararraka a hankali, ƙwal-ƙwal, ba tafasa mai tsalle ba. Wuta mai ƙarfi ba ta sa nama saurin laushi, ruwa kawai take ƙonarwa ta ƙanƙance naman.

Ki ba shi minti 45, ki ciro yanka ɗaya ki gwada. Ki danna da cokali a jikin faranti ko ki tauna. Idan ya rabu ba tare da kokawa ba, ya yi. Idan da saura ki mayar da murfi ki ƙara minti 15, ki sake gwadawa. Naman tsohuwar saniya yakan kai awa 1 da rabi, in ruwa ya ja sosai ki ƙara na zafi.

Wannan shi ne wurin da ba a yi wa gaggawa. Kada taliya ta shiga tukunyar nan sai naman ya nuna yadda za a iya cinsa a lokacin. Kada ki ce ai zai ƙarasa tare da taliya. Minti 10 ba ya sauya naman shanu. Lokacin jiran nan nake wanke turmi da katako, in yi sallar magariba in dawo.

6. Gyaran ɗanɗano da awon ruwa

Nama ya yi laushi, sai ki tsamo ƙashin, ki kwankwasa ɓargon ya faɗa cikin romo. Idan mai ya yi yawa a sama ki yaɗe kaɗan da ludayi. Ki sa ragowar magi 2, ki ɗanɗana, ki daidaita gishiri. Romon ya ɗan fi miyar da za a ci da tuwo gishiri, kaɗan dai, domin taliya babu komai a jikinta, daga romon za ta ɗiba. Gishirin da aka barbaɗa bayan ta nuna a bayanta yake tsayawa. Amma ki tuna ruwan zai ƙara ja, kada ki cika hannu.

Giram 500 na taliya yana shan ruwa kamar lita 1 da kwata idan a cikin romo za ta nuna, wato leda biyu da rabi. Ba za ki iya juye romo ki auna ba, don haka da ido ake yi, a mataki na gaba. Ki zuba karas yanzu, ki ƙara wuta romon ya tafasa sosai. Taliyar da ta faɗa ruwa mai ɗumi-ɗumi jiƙa take yi, bayanta ya narke cikinta yana ɗanye.

7. Zuba taliya

Ki karya taliyar biyu, ko uku idan akwai ƙananan yara. Kada ki jefa ta dami guda. Ki riƙa ɗiban kaɗan kina watsawa, wannan ta kwanta haka, ta gaba ta gitta ta, kamar ana jera kara. Ki danna da muciya ta nutse.

Yanzu ki duba ruwan. Ana so ya rufe taliyar daidai, ya hau kanta da kamar faɗin farce. Idan tana leƙowa a waje ki ƙara ruwan zafi har ya rufe ta. Idan kuma tana iyo, ruwa ya haura ta da gaɓar yatsa ko fiye, ki kwashe ludayi biyu ko uku a kwano ki ajiye. In an buƙace shi a mayar, in ba a buƙata ba romo ne, wani zai sha. Gara ruwa ya gaza ki ƙara da ya yi yawa, domin wanda ya gaza yana da magani.

Minti biyun farko su ne na haɗari. A lokacin ne garin da ke bayan taliya yake jiƙa ya zama kamar gam, in ba a motsa ba sai ta manne ta zama igiya guda, cikinta ba zai taɓa nuna ba. Ki sa cokali mai yatsu ki riƙa ɗagawa kina warwarewa har ta yi laushin lanƙwasa. Sannan ki rage wuta zuwa matsakaiciya ki rufe.

8. Dahuwar taliya

Duk bayan minti 3 ki buɗe ki juya daga ƙasa zuwa sama, a hankali, ki ji muciya tana taɓa gindin tukunya. Kada ki tuƙa, ba tuwo ba ne. Ɗagowa ake yi a kifar.

A minti na 7 ko 8 ki zuba kabeji da koren tattasai a sama, ki ciro silin taliya guda ki gatsa ki duba cikinsa. Za ki ga farin ɗigo a tsakiya. Idan ɗigon yana da kauri, da saura. Idan ya koma siriri kamar zaren ɗinki, kuma akwai ɗan romo mai kauri a ƙasan tukunya da yake bin muciya, lokacin saukewa ya yi. Lokacin da aka rubuta a bayan leda ki ɗauke shi a matsayin kimantawa, domin taliya kamfani-kamfani ce, wata siririya wata mai kauri, kuma a romo mai tumatir takan ɗan fi jinkiri a kan ruwa zalla. Haƙorinki ne alƙali.

Idan ruwa ya ƙafe taliya ba ta yi ba, ki yayyafa ruwan zafi rabin kofi ta gefen tukunya, ki rufe, ki rage wuta. Kada ki sa ruwan sanyi, yana katse dahuwa ya bar taliyar da danƙo. Wannan ne dalilin filas ɗin.

9. Saukewa da turarawa

Ki sauke tun tana da ɗan ruwa-ruwa, tun idonki yana gaya miki saura kaɗan. Ki watsa lawashi, ki juya sau ɗaya, ki rufe ki bar ta minti 5 ba wuta. Zafin tukunya zai ƙarasa farin zaren nan, taliyar ta shanye sauran romon ta yi sheƙi. Wadda aka bari a wuta har ta bushe tsaf kafin a sauke, kafin ta iso faranti ta wuce.

Wasu suna shimfiɗa leda a kan abinci kafin su rufe don tururi ya zauna. Ban yarda da leda a cikin abinci mai zafi ba. Idan murfinki ba ya zama daidai, ki sa tsumma mai tsabta a ƙarƙashinsa bayan kin sauke, ko ki ɗora dutse a kai.

Da minti biyar ɗin sun cika ki buɗe ki warware da cokali mai yatsu, ki zuba. Idan maigida bai dawo ba kuma za a ajiye masa a kula, ki sauke tasa ma da ɗan sauran tauri, don kula tana ci gaba da dafa abinci. Yankakken kokwamba da ɗanyar albasa a gefe suna yanke maiƙo. Dafaffen ƙwai ma yana shiga, ga kuma zoɓo mai sanyi in an samu.

Idan wani abu ya ɓaci

Idan kika ji ƙaurin kamu, ki sauke nan take, kada ki kankaro ƙasan. Ki juye na saman a wata tukunya, ki yanka ɗanyar albasa ki watsa, ki yayyafa ruwan zafi ki ƙarasa a ƙaramar wuta. Da zarar muciya ta tono ƙanzon da ya ƙone, ƙaurin ya gama tukunya.

Idan ruwa ya yi yawa taliya kuma ta kusa nuna, ki cire murfi, ki kwashe romon da ludayi, ki ƙara wuta minti 1. Kada ki ce za ki jira ya tsotse, taliyar ce za ta biya.

Idan gishiri ya zarce tun a romo, ki kwashe wani ki maye da ruwan zafi. Idan sai bayan ta nuna kika gane, ki ƙara kabeji da yawa, ko ki dafa 'yar taliya ba gishiri ki cakuɗa.

Wadda ta riga ta caɓe ba ta dawowa. Abin da za ki iya shi ne ki juye ta a faffaɗan tire ta sha iska don kada ta ƙara narkewa.

Idan babu wani abu

Tumatir yana da lokacinsa. Da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da na noman rani irin na Kadawa da Kura ke cika kasuwa, ki sa son ranki. Da damina ta kawo kai kuwa sai ya yi tsada ya yi ruwa. A lokacin nan tumatirin leda 2 da ƙarin tattasai da albasa sun wadatar. Kauɗa ma, wato busasshen tumatir, tana yi. Ki wanke ta sau biyu ko uku saboda ƙasa, ki jiƙa a ruwan zafi tare da busasshen tattasai har su yi laushi, sannan ki jajjaga. Launin zai fi duhu, amma ɗanɗanon yana da zurfi, akwai ma waɗanda suka fi son ta haka.

Idan naman ya yi tsufa sosai, ko kina tsoron suyar farko, ki bi hanyar da iyayenmu suka saba. Ki tafasa shi da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har ya yi laushi, ki juye shi da romonsa a kwano, ki soya naman sama-sama a tukunyar, ki soya jajjage, sannan ki tsayar da sanwa da wannan romon. Da ya tafasa sai taliya. Tukunya ɗaya ce har yanzu. Mai tukunyar fresha kuma, wato wadda ke kulle tururi a ciki, minti 20 zuwa 25 ya ishi naman, sai ta huce ta buɗe ta ƙarasa taliyar ba tare da ta kulle murfi ba.

Niƙaƙƙen nama shi ne na ranar gaggawa. Ki soya shi kina farfasawa har ya yi ja, bayan sanwa ki ba shi minti 10 kawai. Tunda ba zai daɗe a wuta ba, ruwa leda biyu da rabi za ki sa tun farko. Soyayyen naman Sallah, in akwai saura a gida, ki jefa shi a sanwa ya yi minti 15 ya sake, ki kuma rage gishiri da mai, don ya zo da nasa.

Makaroni ba ya dunƙulewa kamar doguwar taliya, shi ya sa nake ba masu koyo shawarar su fara da shi. Awon ruwan kusan ɗaya ne. Taliyar Hausa, ta murji, ita ce mai wuyar sha'ani a dafa-duka, saboda da fulawa ake yinta, tana sakin gari da yawa kuma tana nuna da wuri. Ki rage ruwa, ki fara gwadawa tun minti na 4, ki kuma rage yawan juyawa. Akwai dabarar da ke taimaka mata, tana kuma taimaka wa taliyar leda mai arha da ke saurin narkewa: kafin ki fara komai, ki soya busasshiyar taliyar a ɗan mai kina juyawa har ta yi ruwan zuma, ki kwashe ki ajiye. Wadda aka soya haka tana riƙe jikinta, ga wani ƙamshi kamar na gasasshiyar alkama.

Mai girki da gawayi ko itace ba ta da maɓallin rage wuta, don haka sai ta shirya tun da wuri. Suya a kan jan garwashi, dahuwar nama kuma a janye itace a bar guda ɗaya, ko a rage gawayin a rufe sauran da ɗan toka. Kafin taliya ta shiga a fifita wutar ta tashi, bayan minti biyun warwarewa a sake janyewa.

Babu karas da kabeji, alayyahu ya yi, a zuba shi minti 2 kafin saukewa. Ɗanyen zogale ya shiga tare da taliya. Daddawa kuma, na san akwai masu cewa ba ta dace da taliya ba. Guda ɗaya ƙarama da aka soya tare da albasa warinta ba ya fita, nauyi take ƙara wa romo har ki iya rage magi. Ki gwada sau ɗaya ki yanke hukunci da kanki.

Ragowa

Abin da ya rage kada ya kwana a tukunya a rufe, musamman da zafin Maris zuwa Mayu, taliya mai nama tana saurin lalacewa. Ki juye ta a faffaɗan kwano ta huce da wuri, ki sa a firji kafin awa 2, a cinye cikin kwana biyu. Idan babu wuta ko babu firji, gara a raba wa maƙwabta da almajirai tun da daren. Wajen ɗumame, ki zuba ruwa cokali 3 ko 4 a gindin tukunya, ki juye taliyar, ki rufe a ƙaramar wuta, ki juya sau ɗaya a tsakiya, ki bari tururi ya ratsa ta har cikin naman kafin ki sauke.